Saura Kwana Goma Sha Tara

Panyu, Guangzhou
Laraba, bayan La'asar

Sa'adatu 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga 'yarta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, cikin natsuwa. Allah Ya tsare ki a ɗakin kwananku na makaranta, Ya tsare ki a titi da cikin jirgin ƙasa, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronSa, Ya ba ki abin da kika zo nema a ƙasar mutane, Ya maido mana da ke da mutuncinki. Amin.

Jibi zan hau jirgi in koma Kano. Kin ji da kunnenki abin da likita ya ce game da ƙafafun nan nawa, don haka kada mu yaudari juna, da wuya in sake taka garin nan. Sati uku ke nan muna tare a ɗakin nan. Na nuna miki layin jirgin da zai kai ki makaranta, na nuna miki mahaucin da na yarda da namansa, na kai ki Masallacin Huaisheng kin ga wurin mata. Har yadda ake taya kaya da kalkuleta na koya miki, duk da ke likita za ki zama, ba 'yar kasuwa ba. Abu ɗaya ne na kasa faɗa miki da baki. Kullum na yi niyya, sai in ɓige da faɗan kin bar takalmi a bakin ƙofa. Shi ya sa na zauna na rubuta. A filin jirgi zan ba ki, kada ki buɗe sai kin koma ɗakinki kin zauna.

Ranar Litinin da muka je banki aka buɗe asusu da sunanki, na zuba kuɗin makarantarki na shekarun ƙarshe, aka kulle su shekara uku, kin matso kusa da kunnena kin ce, "Mama, wannan ba kuɗin ruwa ba ne?" Na galla miki harara na ce ki rufe mini baki a gaban mutane. Tambayarki tana kan hanya. Kunya ce ta kama ni, ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa nake yi, kin san halina. Ga amsar nan, mai tsawo ce, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don na ga kina ta gyaɗa wa matar bankin kai alhali Sinancinki bai wuce gaisuwa ba. Ajiya iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum, wadda katinki da wayarki ke ci a cikinta, ki saka yau ki cira gobe, abin da take haifarwa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma mai wa'adi. Za ki ce wa banki ga kuɗina, ba zan taɓa su ba sai shekara kaza, su kuma su rubuta miki ƙarin da za su ba ki ranar da wa'adin ya cika. A ƙasar nan ba a cire haraji a kan wannan ƙarin, yadda aka rubuta haka za a miƙo miki. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ba ya jin magiya. In kika cire kuɗin kafin ranar, ko da kwana ɗaya ne ya rage, duk abin da kika cira za a lissafa shi kamar dama can a ajiyar yau da kullum yake zaune tun ranar farko. Uwar kuɗin ba za a taɓa ta ba. Ƙarin ne zai zube, a bar ki da abin da bai isa cefanen sati ba. Da na fara jin ba a cire haraji, sai na ɗauka kuɗin sun shiga inda babu mai iya rage su. Na manta hannuna ma na iya rage su.

Maganar halal da haram kuwa, ban yi gaban kaina ba. Shekarun da na fara zuwa sarin jakunkuna da takalma, akwai wani malami ɗan Katsina da ke karatu a jami'a nan, 'yan kasuwa na tare shi da tambaya a harabar masallaci bayan an sallame Juma'a. Na tare shi, na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce, "Hajiya, in da hali a guje wa abin gaba ɗaya ya fi. In kuma ya riga ya shigo hannunki, kada ki ci, kada ki ciyar da 'ya'yanki, kada ki yi zakka da shi. Ki miƙa wa mabuƙaci, kuma kada ki sa ran lada, fitar da shi kike yi daga dukiyarki." A kan wannan na tafi har yau. Na san akwai malaman da za su ce tun farko bai kamata in kulle ba, ban kuma ce sun yi kuskure ba. Ni dai na san kaina. Kuɗi in suna kusa da hannuna ba sa yin sati sai na ga kayan da na rantse za su yi riba. Ina neman gafarar Allah a kan haka, ke ma ki nemi masu ilimi ki tambaya, kada ki dogara da fatawar 'yar kasuwa.

Kuskurena na farko kalma ɗaya ce ta jawo shi. Kin ji yadda Sinawa ke cewa "dui", wato haka ne. A shekarun farko na riƙe kalmar nan kamar carbi. Duk abin da aka ce mini sai in ce dui, dui, dui, don kada masu shago su gane baƙuwa ce ni su tsuga mini kuɗi. Ajiyata ta farko ta yi shekara ɗaya da wata biyu a kulle sai kuɗin jirgin ruwa ya ƙaru, ina neman ɗan ciko, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ajiyar ba. Na je banki na miƙa fasfo da takarda, na yi alamar ina son kuɗi. Yarinyar da ke bayan gilashi ta tambaye ni wani abu. Na ce dui. Ta sake tambaya, har ta zagaye adadin da yatsanta tana kallona, tana cewa, "Cuwanbu?" Na ce dui, dui, har da ɗan tsaki wai tana ɓata mini lokaci. Na sa hannu. Sai na ga inji yana ta ƙirga, damin kuɗi na bin dami, ajiyar gaba ɗaya. Cuwanbu na nufin duka. Na ce a mayar, na roƙa da Hausa da Turanci da hannu, ta ce sai dai a buɗe sabuwa a fara ƙirga daga yau. Wallahi yarinyar nan ba ta da laifi ko kaɗan, sau biyu ta tambaye ni.

Don haka ki riƙe kalma biyu. Cuwanbu duka ne, bufan wani ɓangare ne. In bufan kika cira, abin da kika cira ne kaɗai zai rasa ƙarinsa, ragowar zai ci gaba a kan alkawarin farko har ranar wa'adi. Kuma kada ki taɓa cewa dui a kan maganar da ba ki gane ba, a banki ne, a ofishin biza ne, ko a gaban malaminki. Ki fito da waya ta fassara miki, ki sa a maimaita sau biyar, mutanen da ke bayanki a layi su yi ta huci. Ni na ƙi a ce mini baƙauyiya na minti biyu, na zubar da haƙurin wata goma sha huɗu. Ke kuma rayukan mutane za a ba ki a hannu wata rana, gyaɗa kan ƙarya a wurinki ya fi nawa haɗari.

Kuskure na biyu bakina ne. Bayan wasu shekaru kasuwa ta buɗe mini, na tara abu mai kauri na kulle shekara uku. Da na je gida, a wurin wani suna, mata na ta kukan Naira, sai kaina ya kumbura na ce, "Ni dai nawa suna can China a kulle, ko haraji ba a cire musu." Haba! Me ya kai ni? Ba a yi wata uku ba sai ga kiran Antinki Rabi, za ta aurar da 'yarta, kayan ɗaki ba su cika ba. Na ce ba ni da su a hannu. Ta ce, "Yaya, ke da kike da kuɗi a kulle a China? Ko dai ba a so a ga 'yata ta fita kunya ne?" Na ji nauyi, na tafi banki ina taƙama yanzu na san kalmar, na ce bufan. Aka ba ni. Mai ba da kuɗin ya rubuta wani abu a wayarsa ya juyo mini da fassarar: a tsarin wannan ajiyar sau ɗaya tak ake cirar wani ɓangare, na biyu sai dai a fasa duka. Na ce to, ai ba zan sake ba. Kujeru aka saya da kuɗin, masu ruwan zinare, na ji an ce ko shekara biyu ba su yi ba fatar ta fara ɓarewa.

Ba na cewa kada ki taimaki ɗan'uwa. Za ki ga ɗalibai 'yan'uwanki a nan cikin matsi na gaske, kuɗin ɗaki, kuɗin biza, tikitin komawa jana'iza. Ki taimaka daga abin da ke cikin asusunki na yau da kullum, ko da za ki koma cin taliya da mai har ƙarshen wata. Amma kada wani mahaluki ya ji daga bakinki cewa kina da ajiya a kulle. Ranar da kika faɗa, ta tashi daga ajiya ta zama abin da kowa ke lissafin rabonsa a ciki. Ki kuma koma bankin nan ki tambaya sau nawa aka yarda a ciri bufan a taki, don kowace ajiya da tsarinta.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro. Ba ki san Mariama ba, babanki ma sunanta kawai ya sani. 'Yar Maraɗi ce. Mijinta ya kawo ta nan, Allah Ya yi masa rasuwa, ta zauna tana tuƙa tuwo a ɗakinta tana zubawa a robobi tana sayar wa 'yan kasuwa. A benen nan take, hawa biyu ƙasa da ni. Tana da 'ya ɗaya, Zainabu, ta bar ta a Maraɗi wurin yayarta, duk abin da tuwo ya kawo can yake tafiya. Kullum maganarta, "Hajiya, ɗiyata sai ta yi lakwal, ko zan mutu a bakin tukunya." Lakwal makaranta ke nan a bakinsu. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu a ɗakin nan, ban san inda kaina yake ba, Mariama ce ke hawowa da kunu, ita ke wanke mini kaya, ita ke riƙe ni in shiga banɗaki. Da na warke na miƙa mata kuɗi, ta ɓata rai ta ce, "Mi na yi miki da za ki zage ni?"

Wata rana da hantsi ta shigo ta rufe ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta ta ƙarƙashin hijabi. Wani ƙullutu ne mai tauri kamar goro. Ta riga ta je asibiti, sun ce aiki za a yi, kuma a yi da wuri, amma sai an ajiye kuɗi tukuna. Ta haɗa abin da take da shi, 'yan kasuwa suka yi mata karo-karo bayan Juma'a, duk da haka bai kai ba. Na tambaye ta nawa ya rage. Da ta faɗa sai na ga kusan daidai yake da ƙarin da ajiyata za ta haifar, kuma wata biyu ne ya rage wa'adin ya cika. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce, "Mariama, share hawayenki. Ranar kaza akwai kuɗin da za su fito, dama ba nawa ba ne, neman mai su nake yi. Naki ne." Ta durƙusa, na ɗaga ta. Ta kai wa asibiti ranar, suka sa mata lokacin aiki kwana uku bayanta. Da aka ce za a sake yi mata karo-karo a masallaci, ta aika ta ce a yi wa wani, ita Allah Ya rufa mata asiri. Ki lura da wannan, Sa'adatu. Saboda maganata ta daina nema.

Saura kwana goma sha tara na shiga layin shagunan Liuhua Lu neman samfuri. Wani mai shago da na daɗe ina saro a wurinsa, laoban ɗin, wato maigidan shagon, da ke ba ni shayi duk na je, ya ja ni ciki ya ce zai rufe shagon ya koma garinsu. Jakunkunan mata ne da takalma cike da sito, irin waɗanda ake rububi a Kano kafin Sallah, zai bar mini duka a rabin kuɗi. Sharaɗinsa kuɗi a hannu kafin Alhamis, don akwai wani ɗan Legas da ke jira. Na duba kayan, na buga kalkuleta, idona ya rufe. Abin da ke hannuna bai kai ba, kuma damar bufan na riga na ƙona ta a kan kujerun biki. Hanya ɗaya ce, a fasa duka.

A jirgin ƙasa, daga nan har banki, zuciyata ta yi ta yi mini wa'azi. Ta ce ai dama haram ne, Allah ne ke son raba ki da shi. Ta ce yaya za ki yi wa baiwar Allah magani da kuɗin ruwa, in kaya sun isa Kano sai ki ba ta halal tsantsa, ninki biyu. Shekara uku ina jiran ƙarin nan ban taɓa jin ƙyamarsa haka ba sai ranar da na ga riba. Son zuciyata na ɗauka na sa masa hijabi. A banki wata mata ce mai tabarau, ta duba kwamfuta, ta dube ni, ta juyo mini da allon ta nuna lambobi biyu, abin da zan samu yau da abin da zan samu in na jira. Ta ɗauko kalanda ta ƙirga mini kwanakin da bakin biro, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha tara. Sannan ta ce, "Cuwanbu?" Wannan karon na gane sarai. Na ce dui.

Da a ranar na sauka na ƙwanƙwasa ƙofar Mariama na faɗa mata gaskiya, da tana da kwana goma sha tara na nema. Da an sake yi mata karo-karon, da ta kira mutanen Maraɗi, da ni kaina na zaga abokan kasuwa na zubar da girmana na roƙa mata. Ban yi ba. Na riƙa fita da sassafe in dawo ta ɗaya matattakalar don kada mu haɗu. In ta hango ni ta ce, "Hajiya, saura kwana goma," sai in ce Allah Ya kai mu. Ranar da wa'adin ya cika na same ta da azahar tana tuƙi, gumi na zuba, ta riga ta haɗa 'yar jakar da za ta tafi da ita asibiti, tana jingine a bango. Na ce, "Mariama, na je banki. Sun ce meyo." Kin san meyo, babu. Na ce wai wata doka suka canza wa baƙi. Ta tsayar da muciya har tuwon ya fara kamawa. Sannan ta ce, "Ba komi, Hajiya. Allah bai yi ba. Kin yi ƙoƙarinki." Ta kwashe tuwon, ta zuba mini da miyar kuka, ta ce ai na sha wahalar layin banki ban ci komai ba. Na ci, Sa'adatu. Na zauna a tabarmarta na cinye.

Kada ki zaci Allah Ya kama ni da asara. Kayan sun daɗe a ruwa, sun daɗe a tashar jirgi, amma da suka isa Kano ko sati uku ba su yi ba suka ƙare, na ci ribar da ban taɓa ci ba. Da ita aka yi ɗakin sama na gidanmu, wanda kika yi karatun jarrabawarki a ciki. Da na dawo nan bayan wata huɗu da kuɗi a jaka, wasu mutane na tarar a ɗakin Mariama. Ranar aikinta ta wuce, ciwon ya ci gaba, ta sayi tikiti da abin da aka tara mata ta tafi ta kwanta kusa da 'yarta. Na tura kuɗin Maraɗi, ninki biyu kamar yadda na yi wa kaina alkawari. Ta turo mini saƙon murya, da ƙyar ake jin ta, tana godiya, tana cewa in yafe mata wahalar da ta sa ni da mutanen banki. Bayan sati uku yayarta ta kira ta ce an kai ta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ce da an yi aikin za ta rayu ba, kwana na Allah ne. Amma na hana ta gwadawa, na yi mata ƙarya, ta mutu tana neman gafarata. Saƙon yana nan a wayata, ban iya sake saurara ba, ban kuma iya gogewa ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan ba shi da yawa. Duk abin da kika yi wa mutum alkawarinsa ya fita daga hannunki tun ranar, ko da bai riga ya shigo ba. In zuciyarki ta kawo miki fatawa daidai lokacin da riba ta bayyana, ki tuhume ta, ki kwana uku ba ki yanke komai ba. In kuma kin riga kin karya alkawari, ki je da ƙafarki ki faɗa a ranar, don mai jira ya nemi wata ƙofa. Fasa ajiyar laifi ne, amma shirun kwana goma sha taran nan shi ya fi ci mini rai.

To, ga abin da ke wuyanki yanzu. Uwar kuɗin da muka kulle ranar Litinin taki ce, ita za ta biya miki shekarun ƙarshe na karatu, kuma ba ni da wata bayan ita, kasuwata ta ja baya kin gani. Ƙarin da za ta haifar kuwa na Zainabu ne. Nan da shekara uku za ta gama sakandare, tana son ta karanci aikin ungozoma. Na kira yayar Mariama na faɗa mata ranar, ita kuma ta faɗa wa yarinyar, an ce har ta rubuta a bangon littafinta. Na sake yin alkawari ke nan, a gida ɗaya, ga 'yar matar da na ci amanarta. Lambar wayarsu tana bayan takardar nan. Ranar da wa'adin ya cika ki je da kanki da fasfonki, ki ware ƙarin ki tura musu gaba ɗaya, ko kuɗin shayi kada ki taɓa a ciki. Na bar miki na ko-ta-kwana a asusun yau da kullum. In ciwo ne ya kama ki, Allah Ya kiyaye, irin wanda rai ke ciki, to ki ciri bufan daidai buƙata, ki kira ni. Ban da wannan babu.

Kin yi mamakin da na sa sunanki maimakon nawa. Ban yarda da kaina ba ne. Mutane za su zo miki da buƙata, za ki iya da su. Wadda nake tsoro ni ce. Shekara uku da yawa, kasuwa na iya ƙara juyawa, ƙafar nan na iya tsananta, wani na iya nuna mini kayan da ban taɓa ganin arha irin tasu ba. Zan kira ki. Zan kawo miki dalilai masu kyau, don na iya tsara su, kin dai karanta. Zan ce kwana kaɗan ne zan mayar. Zan ce ni na haife ki, kuɗina ne, gumina ne. Ina iya yin kuka, ina iya kashe waya a kunnenki in yi wata ban ɗauki kiranki ba. Ko an ce miki ina kwance a asibiti, babanki da yayyenki suna nan, ba ke ce za ki fasa ajiyar ba. Ki saurare ni da ladabi har in gama, sannan ki ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba zan cira ba." Na yafe miki wannan maganar tun yau, a rubuce, da hannuna, ina cikin hankalina. Ba ki saɓa wa uwa ba. Wadda ta rubuta takardar nan ita ce uwarki, ita za ki bi.

Allah Ya jiƙan Mariama, Ya sa ciwonta ya zama kaffara, Ya raya abin da ta bari. Ke kuma Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗe miki karatu, Ya ba ki ƙarfin zuciyar da ni ban samu ba. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta tozarta. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa cin abinci, ki sa rigar sanyi in an fara iska. In kin yi sujada ki roƙa mini gafara, ki kuma roƙa mini Allah Ya sa kada in kira.

Wassalam.

Mamanki,
Lami